Su Wa Ke Cinye Takardar Ofis?

A ƙarshen watan Yunin 1975 mujallar BusinessWeek ta Amurka ta fito da dogon rahoto kan yadda ofisoshi za su kasance nan gaba. Cikin waɗanda ta zanta da su har da George Pake, shugaban cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, wanda ya hango cewa nan da shekara 20 ma'aikaci zai riƙa kiran duk takardar da yake so a fuskar allo a kan teburinsa, ya karanta wasiƙunsa a nan. Hasashen nasa ya tabbata. Sai dai a wannan cibiya tasa wani injiniya mai suna Gary Starkweather ya riga ya ƙera firinta mai aiki da hasken leza. Da kamfanin HP ya fito da LaserJet a 1984, na'urar ta sauko kan tebur. Aka ba kowane ofis maɗaba'arsa ta kansa, sannan aka koma gefe ana jiran takarda ta ɓace.

Kimanin shekara 50 ke nan da wancan rahoto, har yau ana wannan jira. Wasu dai sun ce sun iso. A Disambar 2021 Yarima mai jiran gadon Dubai, Sheikh Hamdan bin Mohammed, ya sanar cewa hukumomin gwamnatin masarautar guda 45 sun rabu da takarda, kuma sun yi tsimin falle sama da miliyan 336. A gida Najeriya, Jihar Edo ta sanar da komawa aiki ba takarda a Satumbar 2023, sannan Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta yanka wa ma'aikatun Abuja wa'adin 31 ga Disambar 2025 su yi sallama da fayil ɗin kwali.

Dalilin matsin a fili yake. Falle 16 na takardar A4 su ne murabba'in mita ɗaya, don haka falle mai awon giram 80 nauyinsa giram 5 ne, rim mai falle 500 kilo 2 da rabi, katan mai rim biyar kilo 12 da rabi. Akasarin wannan nauyi jirgin ruwa ne ke kawo shi, kuma sunayen da ke jikin kwalayen sun isa shaida: Double A daga Tailan, PaperOne daga Indonesiya, Chamex daga Brazil. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da kasa wadata ƙasar, saboda haka duk ranar da dala ta hau, rim ma ya bi ta.

Masu rubuta sanarwar rage takarda suna ɗauka cewa don karatu mutane ke bugawa. Wanda ya taɓa zama kusa da firintar ofis ya san karatu shi ne dalili na ƙarshe. Kowa da abin da ke kai shi wurin.

Yallaɓai Gurzo-Mini

Kwamfutarsa ta fi ta kowa tsada a ma'aikatar, tana nan a kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Yana da adireshin imel, amma sakatariyarsa ce ta san kalmar sirrin. Idan saƙo ya shigo sai ta gurzo shi, ta maƙala a fayil, masinja ya ɗauka ya yi taku goma ya shiga da shi. Yallaɓai ya gyara tabarau, ya zaro alƙalami, ya rubuta kalma uku a kusurwar takardar, ya sa hannu da kwanan wata. A fito da ita, a yi mata sikanin, a mayar da ita kwamfuta, a tura wa wani darakta a hawa na biyu, wanda nasa sakataren ke zaune yana jira ya gurzo. Saƙo guda ya shiga na'ura sau uku ya fito sau uku, kuma duk yawon nan bai bar ginin ba.

Duk wanda ya yi ƙarfin halin cewa, "Ranka ya daɗe, ai yana cikin wayarka," amsa ɗaya zai samu: "Ni idona ba ya son hasken nan. Kawo mini a rubuce." Idon nan kuwa shi ne ke raba dare yana bin muhawarar siyasa a WhatsApp.

Ba shi kaɗai ba ne a duniya. A farkon wannan ƙarni wasu masu bincike biyu a Ingila, Abigail Sellen da Richard Harper, sun ruwaito cewa shigowar imel cikin ma'aikata yakan ƙara cin takarda da kimanin kashi 40 cikin 100. Saƙonni sun yawaita, kuma kowanne yana da mai gurzo shi.

Ga Yallaɓai, alƙalamin nan shi ne sarautar. Idan amincewa ta koma danna maɓalli, wa zai tsaya gaban tebur, hannuwa a baya, yana jiran a gama waya? A Japan irin wannan sarauta a hatimi take, ɗan ƙaramin tambari da ake dangwalawa a jar tawada. Lokacin annobar korona a 2020, ana roƙon kowa ya zauna gida, an ga ma'aikata na shiga jirgin ƙasa zuwa ofis don kawai su buga hatimi su koma. Sai da minista Taro Kono ya tashi haiƙan, ya sanar da soke buƙatar hatimi a fiye da kashi 99 cikin 100 na kusan matakan aikin gwamnati 15,000.

Malam Ko-Ta-Kwana

Shi girma bai dame shi ba, tsira yake nema. Komai nasa uku-uku ne: ɗaya na fayil, ɗaya na aljihun tebur, ɗaya na gida cikin leda a ƙasan akwatin tufafi. Idan ya kai wasiƙa wani ofis ba ya gusawa sai an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Idan ya biya kuɗin gwamnati ta Remita, sai ya buga takardar lambar biya, ya buga rasit, ya yi wa rasit ɗin fotokwafi. Kalmarsa ta bakin kullum ita ce, "Ranar da za a tambaye ka, ina shaidarka?"

Matasan ofis na yi masa dariya, shi kuwa yana dubansu da tausayi, domin ya ga jiya ya ga yau. Ya san tun 2007 aka fara shigar da ma'aikatan tarayya cikin tsarin biyan albashi na kwamfuta, IPPIS, amma duk sa'ad da aka kira tantancewa abin da ake cewa a zo da shi bai canza ba: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, shaidar haihuwa, takardun makaranta, na asali da kwafinsu. Ya ga dattawa na zarya kan fansho saboda falle ɗaya da aka miƙa musu shekara 35 da suka wuce.

Hatta rasit ɗin POS da yake yi wa fotokwafi, kimiyya na bayansa. Siririyar takardar nan ba tawada a jikinta. Sinadari ne aka shafa mata wanda zafi ke mayarwa baƙi, shi ya sa in ta kwana biyu a aljihu ko a gaban mota cikin ranar Afrilu rubutun kan dushe, ko kuma duk takardar ta rine. Doka ma ba ta ƙaryata shi ba. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar wa kotu bayanan kwamfuta, amma sashe na 84 ya nemi a tabbatar cewa na'urar lafiyarta lau lokacin da ta fitar da su, kuma hanyar da lauyoyi suka fi bi ita ce haɗawa da takardar shaida mai sa hannu. Don haka babu sanarwar da za ta raba Malam da injin fotokwafi muddin kwamitin tantancewa na gaba zai ce a zo da kwafi biyu-biyu.

Sarkin Danna

Ya ba da umarnin bugawa, firinta ba ta motsa ba. Ya sake dannawa. Ya ƙara, wannan karon da ƙarfi, ko za ta ji tsoro. Bai san kwamfuta na jera kowane umarni a layi tana jira ba, alhali matsalar waya ce ta zare, ko takarda ta ƙare, ko an ɗauke wuta. Ya yi tsaki, ya ce firintar nan ta mutu, ya fita sallar azahar. Ana tada janareta sai rahoto mai shafi 30 ya fara fitowa, ya fito sau bakwai.

Yana da ƙani, wanda shafi na huɗu kawai yake buƙata amma ya tura kundin gaba ɗaya. Akwai kuma ɗan'uwansu na sashen kuɗi da ba ya duba yadda jadawali zai zauna kafin ya buga, sai layin ƙarshe ya zame ya fito shi kaɗai a falle 20, kowane falle da lambobi a gefe guda da fili fetal. Da yamma tulin na nan a bakin firinta. A tambayi ofis ɗin kaf, ba mai shi.

Hajiya Shafi-Biyu-Ne-Kawai

Takan shigo ɗakin kwamfuta da fara'a, filas ɗin kwamfuta a hannu. "Ƙanina, sannu da aiki. Don Allah shafi biyu ne kawai." Shafi biyun farko aikin gida ne na auta. Tunda an riga an buɗe filas ɗin, sai jadawalin adashi, sai jerin kayan lefe, sai katin walima mai launi, sai kundin kammala digiri na ɗan ƙanwarta mai babi biyar, wanda malaminsa ya ce a sake bugowa saboda an gyara waƙafi a shafi na tara.

A yi mata adalci, rabin laifin na hukumomi ne. JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta mayar da ita duka can a 2015, amma har yau ɗalibi sai ya bugo takardar da ke nuna cibiyarsa da ranarsa. Mai shirin bautar ƙasa sai ya bugo takardar kira. Mai lambar NIN sai ya bugo silif. Kusan kowace hidima da aka mayar intanet takan ƙare da umarnin a buga a zo da shi. A da hukuma ke sayen takardar, yanzu an sauke nauyin a kan iyaye, iyaye kuma sun san inda firinta take kyauta.

Takwaranta namiji ba ya zuwa da rana. Yakan jira kowa ya tashi, sannan ya buga takardun neman aiki a wata ma'aikatar, da firintar wadda yake shirin bari. Da ya san abin da ƙungiyar EFF ta Amurka ta bankaɗo a 2005 da ya rage sanɗa: yawancin firintocin leza masu launi na ɗiga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo rawaya da ido ba ya gani a kowane shafi, kuma a waɗanda ƙungiyar ta warware, ɗigon na ɗauke da lambar na'urar da rana da lokacin bugawa. Shi dai yawanci ba a kai ga wannan binciken. Yakan manta shafin farko mai sunansa da hotonsa a cikin injin.

Sakataren Taro

A wurinsa girman taro a kaurin fayil yake. Zaman mutum 25, kowa da kundin shafi 40: ajanda, minitin zaman baya, rahoton kwamiti, rataye na ɗaya har na shida. Falle 1,000 ke nan, rim biyu, kilo 5 na takarda don zaman awa biyu. A ce masa ya buga gaba da baya ya rage rabi, sai ya girgiza kai: "Haba, a gaban manya? Ai raini ne." Ana saura awa ɗaya a fara sai a gano an rubuta wa wani mamba Malam alhali Dakta ne. A sake bugawa duka.

Abin da mahalarta ke dubawa a kundin bai wuce biyu ba. Kowa zai buɗe minitin baya ya ga ko an rubuta sunansa daidai, sannan ya nemi takardar halarta, wadda da ita ake biyan alawus. Wani ya ce ya kawo ƙudurin a amince da minitin, wani ya goya masa baya, ba wanda ya wuce shafi na biyu. Ana tashi kowa ya zare takardun ya bar su a kujera, ya tafi da jakar roba da biro saboda yara.

Ƙasashen da suka fi kowa son kundi ma sun saki. A Indiya al'ada ce a kulle ma'aikatan da ke buga kasafin kuɗi a ginin ma'aikatar kuɗi na tsawon kwanaki, ba fita ba waya, don kada sirri ya fita. Ranar 1 ga Fabrairun 2021 ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta shigo majalisa da kwamfutar hannu cikin jar jaka, ta karanta kasafin daga allo, 'yan majalisa suka samu nasu a na'ura. Majalisar ministocin Estoniya kuwa tun shekarar 2000 ta daina zama da takarda. Ministoci kan karanta su rubuta ra'ayinsu tun kafin zama, kuma gwamnatin ƙasar ta ce taron da kan ci awa huɗu zuwa biyar ya koma abin da ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Sakataren Taro in ya ji wannan labari, tambayarsa ɗaya: to a ina suke sa hannun halarta?

Baba na Rajista

Ɗakinsa ba taga mai kirki, kantoci har rufi, fayil a kan fayil, wasu an ɗaure da igiya, wasu gara ta fara ɗanɗanawa, wasu ɗigon damina ya manne su. A cikin wannan duhu Baba ya san mazaunin kowane fayil, ya san wanda ya fita tun kafin azumi da teburin da ya kwana. Yana da jimloli uku da yake juyawa: "Bai sauko ba." "Yana sama." "Ka dawo jibi." Fayil ɗin da aka rubuta wa KIV, wato a ajiye shi ana tunawa da shi, Baba kan ajiye shi da gaske.

Wani lokaci fayil kan yi ɓatan dabo, a neme shi sama ko ƙasa. Mai shi in ya waye, sai ya ce, "Baba, ga na goro, a ƙara dubawa." Kafin la'asar ya bayyana. In bai waye ba, sai a buɗe masa fayil na wucin gadi, ya sake kawo kwafin duk takardunsa. Bayan wata shida na asalin ya fito, mutum ɗaya ya zama mai fayil biyu, kowanne da nasa labarin.

Abin da ke hana Baba barci game da sabon tsari ƙarami ne ƙwarai. Kwamfuta na rubuta wanda takarda ke hannunsa, da ranar da ta iso masa, da yawan kwanakin da ta yi. Fayil ɗin kwali ba ya tona asirin kowa. Ba Baba kaɗai wannan ke damu ba, har da wasu da ke hawa na sama, waɗanda suka fi shi iya kiran abin da sunan matsalar netwok.

Amma duk kamfanin da aka ba kwangilar mayar da fayiloli kwamfuta, a makon farko yake gane cewa ba Baba ba aiki. Injin sikanin na ɗaukar hoto, amma bai san cewa fayil biyun nan na mutum ɗaya ba ne, ko cewa shafi na 14 na wannan ya ɓata ya shiga wancan.

Sitokifa

Shi ne kaɗai ke rage cin takarda da gaske, ko da yake ba don Allah ba. Mabuɗin sito na rataye a ƙugunsa. Mai son rim ɗaya sai ya cike fom na neman kaya, kwafi uku, shugaban sashe ya sa hannu. Bayan haka Sitokifa ya farke rim, ya lashi yatsa, ya ƙirgo falle 20. A wasu ofisoshin ma an wuce nan, mai neman a buga masa takardar hutunsa ana ce masa, "Ka zo da takardarka." Littafin sito kuwa ya nuna katan-katan sun shigo watan jiya. Inda suka bi, sai a tambayi mai shagon fotokwafi na bakin sakatariya.

Hodar firinta ma haka. Idan rubutu ya fara fita fari-fari, ba ya ba da sabon katirij. Zai zaro tsohon ya yi ta girgiza shi kamar mai kaɗa nono a gora, ya mayar, a samu shafi 50. In ya ƙare ƙarƙaf, a kai a yi masa ɗuri a kasuwa, ya dawo yana zana baƙin layi a gefen kowane shafi, a yi ta sake bugawa. Takardar da ya jibge a ƙasan sito kuma takan sha danshin damina. Firintar leza da zafi mai kusan digiri 200 take manna hoda a takarda, falle mai danshi na shiga sai ya nannaɗe ya maƙale. Tsimin rim ɗaya kan jawo asarar biyu.

In ana neman hujjar ƙaunar takarda irin tasa, tarihi na da ita. Malaman zamanin Daular Usmaniyya sun yi rubutu a kan takardar da aka ƙera a arewacin Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske, wadda fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus su keto Sahara da ita a bayan raƙumi. Tsadarta ta sa ba a ba almajiri ita don koyo. Allo yake rubutawa, ya haddace, ya wanke, ya sake. Sai abin da ya cancanci ajiya ke hawa takarda.

Mai Wa'azin Itatuwa

Ya dawo daga bita a Abuja da zafinsa. Aikinsa na farko shi ne buga sanarwa mai launi, da hoton bishiya tana hawaye, cewa a rage buga takarda. Kwafi 40, kowanne an lulluɓe shi da roba, an manna a kowace ƙofa har ta banɗaki. Sannan ya sa a ƙarƙashin kowane imel nasa jan hankali mai layi uku cewa a tuna da muhalli kafin a buga wannan saƙo. Sakatariyar Yallaɓai na gurzowa, layukan nan uku su ne ke tsallakawa su ci falle na biyu.

Yana son dabarun da ba sa taɓa halin kowa. Ya karanta cewa a 2010 Jami'ar Wisconsin da ke Green Bay ta sauya salon harafin imel ɗinta daga Arial zuwa Century Gothic don ya fi ƙarancin shan tawada da kusan kashi 30 cikin 100. Ya sauya wa kowa. Bai kai ga sashen da ke cewa harafin ya fi faɗi ba, don haka wasiƙar shafi ɗaya kan zama ɗaya da kwata. Ya kuma ji labarin ɗalibin nan mai shekara 14 a Pittsburgh da ya lissafa a 2014 cewa gwamnatin tarayyar Amurka za ta tsira da dala miliyan 136 a shekara in ta koma harafin Garamond. Masana haruffa sun amsa cewa Garamond ƙarami ne kawai a kan awo ɗaya, in aka ƙara shi ya kai girman sauran, ribar ta zube. Mai Wa'azi ya buga duka labaran biyu ya raba wa shugabannin sassa.

Ɗan Zamani

"Turo mini ta WhatsApp kawai." Bai taɓa buga komai ba, kuma yana alfahari da haka. Tsarin PDF na nan tun 1993, amma shi hoton takarda yake ɗauka a karkace, da inuwar kansa da babban yatsansa a gefe. Takardunsa na warwatse tsakanin waya da filas mai ƙwayar cuta da imel ɗinsa na kansa. Sunayensu kuwa: na ƙarshe, na ƙarshe 2, na ƙarshe na gaske. Kwamfutar sashen tana da kalmar sirri, wadda ɗan bautar ƙasar da ya gama bara ya tafi da ita garinsu.

Ranar da aka fizge masa waya a bakin titi, aikin wata takwas ya bi ɓarawo. Aka rasa kwafin yarjejeniyar da masu binciken kuɗi ke nema. Ofis ya yi tsit, sai Malam Ko-Ta-Kwana ya jawo aljihun teburinsa a hankali, ba tare da ya ce uffan ba. Wannan rana ɗaya ta mayar da yaƙin rage takarda baya da shekara biyar a sashen.

Abubuwan da ke rage takarda a wuraren da aka yi nasara ba su da armashin da za a yi musu fosta. A saita kowace firinta ta riƙa bugawa gaba da baya da kanta. A sa ta riƙe aiki har sai mai shi ya zo ya danna lambarsa, abin da ke kashe Sarkin Danna ya kuma sa Hajiya jin nauyi. A tanadi rumbu ɗaya na ma'aikata mai kwafin ajiya a wani wuri, da wutar da ba ta yankewa, da sa hannun na'ura wanda odita da kotu za su karɓa. Ɗan Zamani ya san duk wannan. Yana shirin rubuta shawara a kai, in ya sayi sabuwar waya.

Mai Ƙosai ta Bakin Ƙofa

Ita ba ma'aikaciya ba ce, amma duk abin da aka buga a ginin a hannunta yake ƙarewa, ita da mai tsire da mai gyaɗa. Mai shara ne ke kawo mata a buhu. Ta nan jama'ar unguwa ke samun labarin ma'aikatar: mutum ya sayi ƙosan ɗari biyu, ya cinye, ya buɗe takardar ya ga jerin waɗanda aka ƙara wa girma, ko jadawalin albashi da sunaye da lambobin asusu. Najeriya ta kafa Dokar Kare Bayanai a 2023, wadda ta ɗora wa ma'aikatu alhakin tsare bayanan mutane, amma injin yayyanka takarda na ofis ya lalace tun bara, kuma neman gyaransa na cikin wani fayil da bai sauko ba. Hukumar kula da abinci ta Indiya ta yi gargaɗi tun 2016 kan naɗe abinci da jarida saboda sinadaran tawada, gargaɗin da bai iso bakin kaskonta ba.

Tana da ra'ayi kan sauye-sauyen da ake shirin yi, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. Bugawa gaba da baya a wurinta ɓarna ce, domin farin gefen take juyawa wajen ƙosai. Ba ta son takardar Baba na Rajista saboda warin ɓera, ba ta son fostar Mai Wa'azi saboda roba ba ta shan mai. Cikin duk abin da buhu ke kawowa ta fi son minitin taro, wanda kan zo mata sabo fil, da ƙusar sitefula a jikinsa, ba wanda ya taɓa buɗe shi.